Karin Waƙa Da Muryar Mai Rerawa

Rubutacciyar waƙar Hausa ba ta cika a kan takarda sai an rera ta, kuma dalilin haka yana cikin ginin harshen kansa. Gaɓar kalmar Hausa iri biyu ce wajen awo: marar nauyi, wato baƙi da gajeren wasali, da kuma mai nauyi, wadda ta ƙare da dogon wasali ko da baƙi. A kan jeruwar waɗannan gaɓoɓi ne marubuci yake ɗora karinsa. Tun a 1949 Joseph Greenberg ya nuna cewa ana iya auna baitocin Hausa da ma'aunin arulin Larabci, irin su Kamil da Basiɗ da Mutadarik, sa'an nan M.K.M. Galadanci ya faɗaɗa bayanin a 1975.

To, ga inda gizo ke saƙa. Rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali, balle karin sauti. Kalmar da aka rubuta "gari" tana iya zama wurin zaman jama'a, gaɓarta ta fari marar nauyi, tana kuma iya zama garin hatsi, gaɓar ta yi nauyi. Ajami ya fi boko adalci a nan, domin yana ja da alifi da wawi da ya. Bayan taron Bamako na 1966, Nijar ta ɗan jima tana ninka wasali don nuna tsawonsa, kafin taron Yamai na 1980 ya daidaita rubutun da na Nijeriya, aka bar ninkin. An sami sauƙin musanyar littattafai tsakanin Maraɗi da Katsina, amma awon baiti ya koma ɓoye ga ido.

Saboda haka mai karatu yakan buƙaci wanda zai ba shi muryar waƙa. Ɗalibi yana karɓarta daga bakin malami, mai sauraro daga rediyo, yaro daga almajirin da ya tsaya ƙofar gida. Waƙoƙin Imfiraji na Aliyu Namangi, makahon Zariya wanda ya rasu a 1990, sun kai ga dubban mutanen da ba su taɓa riƙe littafin ba, ta bakin makafi masu bara. Marubuta da yawa ma sukan fara da ɗaukar muryar wata waƙar baka da jama'a ta sani, su zuba mata sababbin kalmomi. Wannan ne ya sa Russell Schuh ya nace cewa ba a gane karin Hausa sosai sai an dubi yadda yake zama a kan bugun rerawa, ba arulin Larabci kaɗai ba, kuma hujjarsa tana da ƙarfi.

Siffar baiti ita ma tana barin wa wani gurbi. Amsa-amon waje, wanda ke maimaituwa a ƙarshen kowane baiti, yana sa mai sauraro ya hango kalmar kafin ta iso, har ya riga mawaƙi faɗinta. Amshi kuwa rabon jama'a ne fili, kamar yadda ƴan amshin Mamman Shata ko na Ɗan Alalo na Damagaram suke karɓa. Tahamisi ya wuce duka: mawaƙi na biyu yana ƙara ɗango uku a gaban kowane baiti mai ƙwar biyu na wani, ba tare da ya saɓa kari ko amsa-amo ba. Ta haka Isa ɗan Shehu ya shiga cikin "Tabbat Haƙiƙa", wadda mahaifinsa ya yi da Fulatanci, Nana Asma'u ta mai da ita Hausa.

A Kano, ƙungiyar Hikima ta Mudi Sipikin ta riƙa taruwa ana rera sababbin waƙoƙi gaban ƴan'uwa kafin a kai su rediyo. A zamanin nan kuma mawaƙa irin su Aminu Ala suna rubuta baitoci a takarda, su rera a ɗakin ɗaukar sauti, waƙar ta bi waya ta isa Tawa da Agadas.