Ɗaliban jinya a Tamale: jarrabawa da Turanci, aiki da Dagbani

Duk mai son shiga kwalejin koyon aikin jinya a Gana sai ya ci Turanci da lissafi da kimiyya a jarrabawar kammala sakandare ta WASSCE. Da Turanci za a karantar da shi shekara uku, da shi kuma zai rubuta jarrabawar neman lasisi ta Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozomanci. Amma ran da aka tura shi sanin makamar aiki a Asibitin Koyarwa na Tamale, tsohuwar da ke gadon farko Dagbani kaɗai take ji, ta gefenta daga Damongo aka kawo ta da Gwanjanci a baki, ta ukun kuwa Bahaushiyar zango ce ko Bafulatana. Asibitin, wanda aka buɗe a 1974, shi ke karɓar marasa lafiyan da ciwonsu ya fi ƙarfin ƙananan asibitoci a yankuna biyar na arewacin ƙasar, kowa da yarensa.

Katanga biyu ce a gaban ɗalibin. Ta farko tsakaninsa da manyansa take. Yaron da ya taso a ƙauye, bai taɓa yin Turanci ba sai a aji, yana iya haddace littafi ya ci jarrabawa, amma in likita na zagaye yana zuba bayani da sauri, sai harshe ya ɗaure. Bai gane ba, kuma ba zai tambaya ba, don gudun dariyar abokai. Sai ya gyaɗa kai. Ga kuma gajerun kalmomin Latin da ake rubutawa a katin magani, irin su bd da tds, wato sau biyu da sau uku a rana. Kunyar tambaya a aji maki take jawowa a rasa. A gefen gadon mara lafiya kuwa, rai ake sa wa a haɗari.

Katanga ta biyu ta fi tsawo, kuma ita ce ba a cika zancenta ba. Ɗalibar da ta zo daga Kumasi ko Akra, Turancinta garau, sai ta tsaya kan mai naƙuda ba su da kalma ɗaya ta tarayya. Me ake yi? A kira mai shara, ko ɗan rakiya, ko wani yaron da ya yi firamare ya zama tafinta. Wace uwa ce za ta bayyana ciwon da ke ƙasan cibiyarta ta bakin ɗan cikinta? Za ta ce ciki ne ke ciwo, ta ja bakinta. Sirrin mara lafiya, wanda ƙa'idar aikin ta wajabta a tsare, ya riga ya fita tun kafin a gano cutar.

Ko da harshe ya zo ɗaya, ba a tsira ba. Nas ta miƙa ƙwayoyi, ta ce, "Mama, kin gane?" Tsohuwa ta ce, "Na gane, 'yata, Allah ya yi miki albarka." Ladabi ne ya amsa, ba fahimta ba. Ƙwararriyar nas takan juya tambayar: "To Mama, in kin koma gida, yaya za ki sha su?" Nan ne za a ji tsohuwa na shirin haɗiye ƙwayoyin sau ukun gaba ɗaya da safe don kada ta manta. A gari irin Tamale mai rinjayen Musulmi, sai a ƙara da tambayar azumi, musamman ga mai ciwon sukari. Ba kowa zai faɗa ba sai an tambaye shi.

Tushen matsalar yana firamare. A 2002 gwamnati ta mayar da Turanci harshen koyarwa tun daga aji ɗaya, bayan 'yan shekaru aka dawo da harsunan gida a ƙananan azuzuwa, sannan a Oktoban 2025 Ministan Ilimi Haruna Iddrisu, ɗan majalisa mai wakiltar Tamale ta Kudu, ya sake jaddada koyarwa da harshen uwa. Yaran da suka tashi cikin wannan kai-komo da yawansu ba su ƙware a rubutun ko ɗaya ba. Hausa ma, duk da amfaninta a zango da kasuwar Aboabo, ba ta cikin harsunan da gwamnati ta ware wa makarantu.

Abin takaici, Turancin da aka fi dagewa a kansa shi ne na fita waje. Fiye da nas 1,200 'yan Gana suka shiga rajistar aikin jinya ta Birtaniya a 2022, inda ba a ɗaukar baƙo sai an tabbatar yana jin harshen marasa lafiyan can. Mu a nan Gana ba mu gindaya wa kowa irin wannan sharaɗi ba.

Ya kamata Kwalejin Jinya da Ungozomanci ta Tamale da Jami'ar Nazarin Ci Gaba (UDS) su sa Dagbani da Hausar asibiti cikin darussan dole, a gwada ɗalibi baki da baki kamar yadda ake gwada shi a yin allura, asibitoci kuma su ɗauki tafintoci horarru a biya su albashi.