Yadda Ake Auna Gurbin Taga Da Ƙofa Kafin A Canza Su: Tef, Na'urar Leza Ko Wayar Hannu?

Da zarar an kwashe albasa a Aliero, an sayar da shinkafa a Jega, kuɗi sun shigo hannu, ɗaya daga cikin ayyukan da magidanta ke fara tunani shi ne gyaran gida. A cire tsofaffin tagogin ƙarfe da suka yi tsatsa a sa na alminiyom, a cire kyauren katako a sa ƙofar ƙarfe. Masu gidajen hayar ɗalibai a kewayen jami'ar kimiyya da fasaha da ke Aliero ma haka suke yi kafin a dawo hutu.

Inda ake yawan yin asara shi ne wajen awo. A ce mai gida a Maiyama ya auna tagoginsa shida, ya tura lambobin ta WhatsApp ga mai aikin alminiyom a Jega ko Birnin Kebbi, ya biya kafin alƙalami. Bayan mako guda aka kawo kaya, huɗu suka ƙi shiga gurbinsu da ɗan abin da bai kai faɗin yatsa ba. Katako ana iya fere shi, amma alminiyom da gilashin da aka riga aka yanka ba su da wannan sauƙin. Ko dai a fasa bango, ko a sake biyan kuɗin wata tagar.

Ƙafa huɗu ba mita 1.2 ba ce

Matsalar farko ta harshe ce. Magina da masu walda suna magana da ƙafa da inci, zanen gini da kayan da ake shigowa da su daga waje kuma suna zuwa da milimita. Idan aka ce taga "huɗu da huɗu", wani yana nufin milimita 1200, wani kuma yana nufin ƙafa huɗu cif. Inci ɗaya milimita 25.4 ne, don haka ƙafa huɗu milimita 1219 ce. Bambancin milimita 19 ke nan, kusan santimita biyu, kuma ya isa ya hana taga shiga. Haka ƙofar da ake kira "uku da bakwai": a zanen gini 900 da 2100 ce, amma in aka bi ƙafa ta gaskiya 914 da 2134 za a samu.

Maganin wannan shi ne a rubuta komai da milimita, a bar batun "inci arba'in da bakwai da ɗan ɗigo". Mafi yawan tef ɗin awo na ƙarfe da ake sayarwa a kasuwa suna da inci a gefe ɗaya, milimita a ɗaya gefen.

Awo uku, a ɗauki mafi ƙanƙanta

Gurbin taga ba ya cika zama daidai, musamman a gidan da aka yi masa filasta da hannu. Shi ya sa ake auna faɗi a wuri uku: sama, tsakiya da ƙasa. Tsayi ma wuri uku: hagu, tsakiya da dama. Daga nan sai a ɗauki mafi ƙanƙanta a kowane ɓangare, a cire milimita 10, wato biyar a kowane gefe.

Misali, faɗi ya ba da 1212, 1205 da 1198. Mafi ƙanƙanta 1198 ne, a cire 10, saura 1188. Tsayi ya ba da 1204, 1200 da 1207, a ɗauki 1200 a cire 10, saura 1190. Tagar da za a ƙera ita ce 1188 da 1190, kuma a al'adar wannan aiki faɗi ake fara rubutawa kafin tsayi.

Wannan ratar ta milimita 10 tana da aiki biyu. Ita ce ke ba mai sa taga damar daidaita ta ta tsaya cak ko da bangon ya ɗan karkace, sannan ita ce ke ba ƙarfen wurin motsi. Ƙarfe yana miƙewa da zafi. Sandar alminiyom mai tsawon mita biyu tana ƙaruwa da kusan milimita ɗaya da rabi idan zafinta ya tashi da digiri 30, abin da ke faruwa cikin sauƙi tsakanin asubahin hunturu da azahar ta watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a wannan yanki. Baƙin ƙarfe yana miƙewa kusan rabin haka, tagogin roba nau'in uPVC kuma kusan ninki uku na alminiyom. Tagar da aka cusa da ƙarfi lokacin sanyi ita ce ke cijewa ta ƙi zugewa da bazara.

Akwai wani kuskure da ya kamata a kiyaye: cire ratar sau biyu. Mai gida ya cire nasa goma, mai ƙera taga bai sani ba ya sake cire goma, sai a samu gibin da ƙurar hunturu da sauro za su riƙa bi. Dole takardar awo ta faɗa a fili ko lambar ta gurbin ce ko ta tagar da za a ƙera.

Bayan faɗi da tsayi sai a auna daga kusurwa zuwa kusurwa, a gicciye, sau biyu. A gurbin 1200 da 1200 da ya miƙe daidai, kowane gicciye zai ba da kusan 1697. Idan ɗaya ya fi ɗaya da abin da ya wuce 'yan milimita kaɗan, gurbin ya murɗe, kuma ratar goma ba lallai ta isa ba. A nan ya fi kyau birkila ya gyara bakin gurbin tukuna, sannan a sake awo.

Wace na'ura ce ta fi?

Tef ɗin ƙarfe mai mita biyar har yanzu shi ne jigon aikin. Ɗan ƙugiyar da ke bakinsa tana motsi kaɗan, kuma da gangan aka yi ta haka, domin ta rama kaurinta idan an tura ta jikin bango ko an saƙale ta a gefe. Masu buga mata guduma don ta daina motsi suna ɓata tef ɗin ne. Rauninsa shi ne awon ciki, inda dole a lanƙwasa shi a kusurwa a yi kirdadon lambar.

A nan na'urar awo ta leza ta fi shi. Ana jingina bayanta da bango ɗaya, ta harba ɗigon haske ja zuwa ɗaya bangon, ta nuna nisan a fuskarta. Kamfanin Leica ne ya fara fito da irin ta hannu mai suna DISTO a 1993, yanzu kuma Bosch da wasu kamfanoni da dama suna yin ta. Masu kyau a cikinsu kuskurensu ba ya wuce milimita ɗaya da rabi zuwa biyu, wasu ma suna tura lambobin zuwa waya ta Bluetooth, abin da ke rage kuskuren kwafa. Sai dai tana da sharuɗɗa. A duba ko an saita ta ta fara ƙirga daga bayanta ne ko daga gabanta, domin wannan kaɗai na iya sauya awo da tsawon na'urar gaba ɗaya. Ba a harba ta kan gilashi, saboda hasken na wucewa ko ya tarwatse. A tsakar rana ɗigon yana da wuyar gani a bangon waje, gara a yi awon da safe ko daga cikin ɗaki. Kuma ba a haska ta a idon kowa, yara ma a nisanta su da ita.

Wayar hannu fa? Apple ya sa manhajar Measure a iPhone tun 2018, kuma daga iPhone 12 Pro na 2020 ya ƙara na'urar LiDAR da ke inganta ta. Google ya taɓa yin tasa manhajar awon a Android, ya dakatar da ita a 2021, ko da yake akwai wasu irinta a Play Store. Duk suna amfani da kyamara ne su ƙiyasta nisa, kuma kuskurensu na iya kai santimita ɗaya ko fiye. Sun isa a nemi farashi da su, amma ba su isa a yanka gilashi ba. Babban amfanin waya a wannan aiki shi ne hoto: a ɗauki kowace taga, a rubuta mata lamba da awonta a jikin hoton, don kada ta ɗakin uwargida ta tafi ɗakin baƙi.

Abin da tef ba ya gani

Awo rabin aiki ne, ɗaya rabin shi ne duba bangon. A gidan bulo, abin dubawa na farko shi ne linta. Ya kamata ta hau bango da aƙalla milimita 150 a kowane gefe. A wasu tsofaffin gidaje babu linta ta kirki, firam ɗin ƙarfen ne ke ɗauke da bulon da ke samansa ba tare da kowa ya sani ba. Aka cire shi aka sa alminiyom, wanda ba a yi shi don ɗaukar nauyi ba, sai bango ya zauna a kansa. Tsagewar da ta tashi daga kusurwar taga ta yi sama a karkace alama ce ta a kira magini ko injiniya kafin a taɓa komai.

Tsohon firam na ƙarfe yawanci yana da kunnuwa da aka binne cikin bango, cire shi kuma yana ɓarke filasta. Don haka yana da kyau a ɗan kankare filastar a wuri ɗaya ko biyu a ga inda bulo ya fara, a kuma yanke shawara tun farko: sabuwar tagar a kan filasta za ta zauna ko a kan bulo?

Ginin ƙasa, wanda har yanzu yake da yawa a tsofaffin unguwanni da ƙauyukan Jega, Aliero da Maiyama, yana da nasa hukuncin. Bangon tubali ya fi kauri a ƙasa, yana sirancewa yayin da yake hawa, don haka kaurin gurbi a sama da ƙasa ba ɗaya ba ne. Azarar da ke saman ƙofa tana jure gara, amma bakinta da ke cikin ƙasa na iya lalacewa idan ruwa ya daɗe yana shiga. Bangon gabas ne ya fi shan wannan, domin daga can hadari ke tasowa da iska. Ƙofar ƙarfe mai nauyi a irin wannan bango tana buƙatar a fara gina mata ginshiƙan bulo ko kankare a gefe biyu, sannan a auna.

Ita ƙofa, daga ƙasan da aka gama ake auna ta. Idan za a sa tayil daga baya, shi da simintin da ke ƙarƙashinsa na iya cin santimita uku zuwa biyar, kyaure ya zo yana gogar ƙasa. A rubuta ko ciki za ta buɗe ko waje, hagu ko dama, da kaurin bango: bulo mai inci shida milimita 150 ne, mai inci tara 225, kafin a ƙara filasta. Ƙofofin da ake shigowa da su daga Turkiyya da Sin suna zuwa da girmansu a ƙayyade, gurbin ne ake gyarawa ya dace da su. Sannan firam yana cin wuri, ƙofar 900 abin da ke rage na wucewa kusan 800 ne. Mai shigar da babur zaure ko mai jiran kayan ɗakin amarya ya lissafa da wannan.

Me doka ta ce?

Nijeriya tana da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa tun 2006. Amma Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 2003, a shari'ar jihar Legas da gwamnatin tarayya, cewa tsara birane da ba da izinin gini hurumin jihohi ne. A Kebbi hukumar raya birane ta jiha, KUDA, ita ce aka sani da wannan aiki. Cire taga a sa wata mai girmanta gyara ne. Faɗaɗa gurbi, cire linta, ko fasa sabuwar ƙofar shago a bangon da ke fuskantar titi kuwa canza fasalin gini ne, kuma ya dace a tuntuɓi hukumar ko sashen ayyuka na ƙaramar hukuma kafin a ɗaga guduma. Ga ginin da jama'a ke shiga, kamar asibiti ko makaranta, dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba da shekara biyar a gyara su yadda mai keken guragu zai iya shiga, wa'adin kuma ya cika a 2024. Akwai kuma ƙa'idar tsimin makamashi a gine-gine ta 2017, wadda ta ce kada tagogi su wuce kashi 20 cikin ɗari na bango sai in an yi musu inuwa.

A Ingila, tun Afrilun 2002 canza taga ya shiga ƙarƙashin dokar gini, kuma akwai lambobinsu da za su yi amfani a nan ko da ba doka ba ce a Kebbi. Tagar tsira daga gobara sai buɗaɗɗen wurinta ya kai murabba'in mita 0.33, faɗi da tsayi kowanne aƙalla milimita 450, kuma kada ƙasanta ya wuce milimita 1100 daga daɓe. Gilashin da ke ƙasa da milimita 800 a taga, ko 1500 a ƙofa, sai ya zama nau'in da ba ya yanka idan ya fashe. A nan ƙarafan tsaro da ake waldawa a kowace taga sun soke batun tsira gaba ɗaya. Idan wuta ta tare ƙofa, ɗakin ya zama keji. Lokacin canza taga shi ne lokacin da ya fi sauƙi a sa mai walda ya yi wa ta ɗakin kwana ɓangare mai buɗewa daga ciki, a rataye makullinsa inda kowa ya sani.

Sai batun iska, wanda aka fi mantawa da shi. Tsohuwar taga mai kyaure biyu tana buɗewa gaba ɗaya, mai zugewa kuwa rabi kawai take buɗewa. Ƙa'idar Ingila ta nemi wurin shigar iska ya kai ɗaya bisa ashirin na faɗin daɓen ɗaki. Ɗakin ƙafa 12 da 12 kusan murabba'in mita 13 ne, yana buƙatar 0.65 ke nan. Taga mai zugewa ta 1200 da 1200 rabinta 0.72 ne, idan aka cire firam sai ta koma daidai ƙa'idar ko ƙasa da ita, kafin ma a sa ragar sauro. Wannan a ƙasar sanyi ke nan. A Maris na 2025 gwamnatin Kebbi ta sanar da ɓarkewar cutar da ake zargin sanƙarau ce a ƙananan hukumomin Gwandu, Jega da Aliero, kuma cikin shawarwarin da ma'aikatan lafiya ke bayarwa a irin wannan lokaci akwai guje wa cunkoso a ɗakin da iska ba ta ratsawa. Taga ba ta maye gurbin allurar rigakafi, amma ɗakin da mutum biyar ke kwana a watan Afrilu ya fi dacewa da taga mai buɗewa gaba ɗaya, ko tagogi biyu a bango daban-daban.

Idan an gama duk wannan, takardar awon ta ƙunshi lambar kowace taga, ɗakinta, faɗi da tsayi da milimita, kaurin bango, yadda za ta buɗe, irin gilashi, da wurin ragar sauro da ƙarfen tsaro, domin su ma suna cin zurfin gurbi. Gani ya kori ji: wanda zai ƙera tagar ya zo da kansa ya sake aunawa kafin ya yanka, ya sa hannu a takardar, mai gida ya ɗauki hotonta ya ajiye a wayarsa.