Tsami a Abincin Kajin Nama: Me Yake Yi a Hanji?

Wajen shekarar 1950 masu bincike a Amurka suka lura cewa 'yan tsakin da aka zuba wa ɗan antibayotik a abinci sun fi 'yan'uwansu saurin girma, alhali lafiyarsu ƙalau. Nan da nan abin ya zama al'adar gidajen gona. Illar ta fito daga baya: ƙwayar cutar da ke haɗuwa da magani kaɗan-kaɗan kullum takan saba da shi har ya daina kashe ta, kuma irinta na iya isa ga mutum. Ƙasar Suwidin ta hana wannan al'ada a 1986, Tarayyar Turai ta bi sahu daga 1 ga Janairun 2006. Mu ma abin ya shafe mu, domin binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa ƙwayoyin cuta masu bijire wa magani sun kashe mutum miliyan 1.27 a 2019, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi jin jiki.

Cikin abubuwan da aka koma wa a madadin antibayotik akwai asid na halitta. Sunan na iya tsorata mai kiwo, amma ba ruwan batir ba ne. Tsamin nono asid ɗin laktik ne, na lemun tsami sitirik, na khal asetik. Fomik kuwa a jikin tururuwa aka fara samunsa, butirik shi ne warin man shanun da ya lalace. Masana'antu ne ke haɗa su yanzu, a sa a abinci ko a ruwan sha.

Yadda suke kashe ƙwayar cuta shi ne abin sha'awa. A wuri mai tsami, asid ɗin kan zauna a dunƙule, ya ratsa fatar ƙwayar ya shige. Cikinta babu tsami, sai ya warware a can ya tsamantar da ita. Ƙwayar ta shiga aikin fitar da tsamin, kamar mai kwarfe ruwa daga jirgin da ya huje, har ƙarfinta ya ƙare. Salmonela da ikolai ba sa jure wannan. Ƙwayoyi masu amfani irin na nono kuwa sun saba da tsami, sai su samu fili su yaɗu. Butirik yana da wani aikin daban: abinci ne ga bangon hanji, yana taimaka wa 'yan tsiron da ke zuƙar abinci su yi tsawo. Sitirik yana sa kaza ta fi cin moriyar fosforas ɗin da ke ɗaure a masara da waken suya. Tunda abinci ke lashe kusan kashi 70 cikin 100 na kuɗin kiwo, ɗan abin da hanji ya ƙara zuƙa a mako shida riba ce.

Sai dai akwai wani abu da ba kasafai mai talla ke faɗa ba. Asid ɗin da aka zuba haka nan yana ƙarewa ne tun a jakar wuya da ƙundu, alhali matattarar salmonela tana can ƙarshen hanji. Shi ya sa ake lulluɓe wasu da kitse don su kai can, kuma waɗannan sun fi tsada. Farar ƙasa da garin ƙashin da ke cikin abinci ma suna shanye wani ɓangare na tsamin. Saboda haka sakamakon gwaje-gwaje ya sha bamban: wani ya ga ƙarin nauyi, wani bai ga komai ba. A ganina duk wanda ya yi wa mai kiwo alkawarin kilo kaza, ciniki yake nema.

Inda amfanin ya fi tabbata shi ne a buhu da bututun ruwa. Asid ɗin furofiyonik yana hana fumfuna kama abinci, abin da ke damun mai ajiya da damina. Amma ba ya cire gubar aflatoksin da ta riga ta shiga masara ko tunkuzar gyaɗa, gubar da ta kashe talo-talo wajen dubu 100 a Ingila a 1960. Buhun da ya yi fumfuna, zubarwa ce maganinsa.

A ruwan sha kuwa ana neman ma'aunin tsami ya sauka wajen 4. In tsamin ya yi yawa, kaji su rage sha, su rage ci, mazubin ƙarfe ya yi tsatsa. Ruwan rijiyar burtsatse mai kanwa-kanwa yakan ci asid fiye da wani, don haka a auna da takardar gwaji maimakon kintace. A kuma dakatar da asid ɗin kafin ranar rigakafin Gumboro ko Lasota a ruwa, domin tsami na kashe rigakafin. Kajin da suka riga suka kwanta da zawo kuwa likitan dabbobi za a kira musu, a bi kwanakin janye magani kafin a kai su kasuwa.