«Takarda» ɗaya, izini uku: kalmomin aikin baƙo a Faransa

A cikin wannan ɗan nazari muna so mu duba wata matsala da ta haɗa fassara da shari'a. Idan Bahaushe ya ce «wane ya samu takardu», ya gama magana, wato mutumin ya zauna da gindinsa a ƙasar da ya je. Dokar Faransa kuwa ta kasa abin kashi uku, kowane da sunansa: izinin shiga (visa), izinin zama (titre de séjour) da izinin aiki (autorisation de travail). Mutum kan samu na biyu ya rasa na uku. Mai katin «visiteur», alal misali, zamansa bisa doka yake, amma sai da ya sa hannu cewa ba zai yi wata sana'a ba a ƙasar. Mun ɗauki misalin Faransa ne domin da harshenta akasarinmu muka yi karatu, kuma kalmominta ne ke yawan zuwa gaban masu fassara a nan.

Mu dubi waɗannan jimloli biyu:

(1) Na nemi takardar aiki.
(2) Ubangidana ya nema mini takardar aiki.

Ta fuskar nahawu babu wadda ta karye. Ta fuskar doka kuwa, a galibin lokuta (2) ce kaɗai daidai. Mai ɗaukar aiki shi ke shigar da buƙatar, kuma tun watan Afrilu na 2021 ta intanet ake yin ta. Sai ya nuna cewa ya tallata gurbin har mako 3 bai samu wanda ya dace ba, in dai sana'ar ba ta cikin jerin waɗanda ake ƙarancin ma'aikata a cikinsu (métiers en tension). Akwai kuma haraji da yake biya, wanda doka ta hana shi cirewa daga albashin ma'aikacin. Duk ubangidan da ya ce «kawo kuɗin takarda» ya riga ya taka doka.

Ɗalibi shi nasa izinin a cikin katin zamansa yake, amma da iyaka: awa 964 a shekara, kashi 60 cikin 100 na cikakken aiki ke nan, kimanin awa 18 da rabi a mako. Wanda ya zarce yana iya rasa katin. Bayan digirin mastar ana iya neman katin wata 12 na neman aiki ko kafa sana'a.

Wata kalmar da ke ruɗarwa ita ce «récépissé». Mun sha jin ana fassara ta da «rasit», alhali rasit a Hausa shaidar biyan kuɗi ce. Wannan kuwa shaida ce cewa hukuma ta karɓi buƙatar mutum tana dubawa. Wata an rubuta a jikinta cewa mai ita yana iya aiki, wata ba a rubuta ba, kuma wannan layi guda shi ne dukan zancen. Mu a ganinmu «takardar jira» ta fi dacewa.

Sai babbar matsalar, wato kalmar «sans-papiers». A Hausa mukan ce «maras takardu», kuma kunne yakan ji kamar an ce «maras haƙƙi». A nan Hausa ta tanadi bambancin da ya kamata mai fassara ya riƙe da kyau. «Izini» abu ne da wani ke bayarwa, yana kuma iya janye shi. «Haƙƙi» ba a bayar da shi, gumi ne ke haifar da shi, shi ya sa muke cewa an «ci haƙƙin» mutum amma ba mu cewa an «ci izininsa». Kundin dokokin aiki na Faransa ya bi wannan hanyar. Ayarsa ta L. 8252-1 ta ɗauki baƙon da aka sa aiki ba izini tamkar wanda aka ɗauka bisa ƙa'ida, game da wajiban ubangida irin su awoyin aiki, hutu da kiyaye lafiya. Aya ta L. 8252-2 ta ba shi albashin dukan lokacin da ya yi aiki. In babu hujjar da ta nuna wani abu dabam, ana ƙaddara cewa wata 3 ya yi. In an sallame shi kuma, yana da diyya daidai da albashin wata 3. Laifin ɗaukar maras izini a wuyan ubangida yake, hukuncinsa na iya kai ɗaurin shekara 5.

Inda ake kai ƙara shi ne «conseil de prud'hommes», kotun da rabin alƙalanta daga ɓangaren ma'aikata suke, rabi daga ɓangaren masu ɗaukar aiki. Ba a rufe ƙofarta ga maras takardu ba, kuma bashin albashi ana iya bin sa har shekara 3. Sai dai kada mu yaudari kowa: cin nasara a wannan kotu ba ya ba mutum izinin zama, kuma tsoron kora shi ke sa da yawa su haƙura da guminsu. Abin da ke taimako shi ne hujja, musamman takardar albashi ta kowane wata (bulletin de paie), wadda mutanenmu kan yi sakaci da ita da zarar kuɗi sun shiga hannu.

Dokar 26 ga Janairu 2024 ta buɗe wata ƴar kafa inda jimla ta (1) ta zama daidai. Baƙon da ya shekara 3 a ƙasar, ya kuma yi aikin albashi na wata 12 cikin wata 24 na baya a sana'ar da ake ƙarancin ma'aikata, yana iya neman kati da kansa ba tare da sa hannun ubangida ba. Dokar ta sa wa wannan tanadi wa'adi zuwa 31 ga Disamba 2026, kuma ba a lissafa aikin da aka yi da katin ɗalibi. Mai fassara ya lura da fi'ilin da aka yi amfani da shi: «peut» ne, ba «doit» ba. «Ana iya ba shi» za a ce, ba «za a ba shi» ba, domin ko mutum ya cika sharuɗɗan duka, farfe yana da ikon ƙi.