Jini cikin fitsari: ba kullum ba ne tsargiya

Mu ƴan kasuwa, maza da mata, in mun ga jini cikin fitsari sai mu ce tsargiya ce, mu sayi ƙwaya wajen mai talla mu koma rumfa. Alhali wani lokaci kansar mafitsara ce, wadda shan taba da daɗaɗɗiyar tsargiya ke haddasawa.

Halin wannan cuta, ko an cire ta takan sake tohowa. In ta dawo, wasu asibitocin Ingila na magance ta da hasken leza. Likita ya zura siririn bututu mai kyamara ta hanyar fitsari, ya ƙone ƙarin da hasken. Ba a tsaga ciki, ba a sa mutum barci, wurin kawai ake kashe wa zafi. Ranar nan majinyaci ke komawa gida.

Amma fa leza na aiki ne kan ƙananan ƙari da ke saman bangon mafitsara. In ƙarin ya nutse cikin nama, sau da yawa sai babbar tiyata, har a cire mafitsarar. Saboda haka in mun ga jini, ko babu zafi, mu rufe rumfa yini ɗaya mu je asibiti.