Ladin Kogi, Tsuntsun da Ke Shayar da Ƙwansa

In bazara ta kama, ruwan Kwara ya ja baya, sai tsibiran yashi su fito fari fat tun daga ƙarƙashin gadar Gaya da Malanville, su bi ta ƙasar Madécali har wajen Illo a jihar Kebbi. Da rana tsaka ko Basarken da tafin ƙafarsa ya ci wuya ba ya son taka wannan rairayi ba takalmi. A nan ladin kogi ya ga ya dace ya yi ƙwai.

Bai kai kurciya girma ba, tsawonsa santimita 19 zuwa 21 ne, amma ya fi ta ado nesa ba kusa ba. Kansa baƙi, da farin layi a kan ido. Fukafukansa toka-toka masu shuɗi-shuɗi, cikinsa ruwan goro mai haske, ga wani baƙin zare da ya kewaye ƙirji kamar an rataya masa laya. Ya fi son gudu da tashi: ya zura a guje a bakin ruwa, ya tsaya cak, ya cafke ƙwaro, ya sake zurawa. Wani lokaci ya tone danshin yashi da ƙafafu, ko ya birkice tsakuwa da baki.

Wannan gudun ne ya sa masana suka daɗe suna lissafa shi cikin dangin tsuntsayen fako masu tsere, irin wanda ke neman inda gobarar daji ta ci ya ajiye ƙwai baƙi-baƙi a kan toka. Binciken ƙwayoyin halitta ya raba su daga baya. Yanzu ladin kogi gidansa daban, shi kaɗai a danginsa.

Sunan da ya yi a duniya kuwa kada ne ya jawo masa. Tun ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, Herodotus na Girka ya rubuta cewa a kogin Nilu akwai wani tsuntsu da kada ke buɗe wa baki, ya shiga ya tsince masa matsattsaku, ya fito lafiya. Hasan al-Wazzan, wanda ya ba da labarin Kano da Katsina a littafin da ya kammala a 1526, shi ma ya kawo irin wannan zance, daga baya aka ɗauka ladin kogi ake nufi. Labarin ya yi daɗi, ya kuma dace da abin da Bahaushe ya sani, cewa mai zama cikin ruwa ba ya gaba da kada. Sai dai gani ya kori ji. Duk yawan masu kyamarar da suka yi zarya a gandun dajin W, babu hoto na gaskiya ko guda da ya kama ladin kogi a bakin kada, wanda ya fi yawo a intanet ma da kwamfuta aka haɗa shi. Kada yana hangame baki ne ya sha iska, tsuntsun kuma yana kiwonsa a gefe ba tsoro. Wanda ya hango su daga cikin kwale-kwale zai iya ƙarasa sauran da bakinsa.

Abin takaici, tatsuniyar ta danne ainihin abin mamakin.

Ladin kogi ba ya saƙa sheƙa. Ɗan gurbi yake tonawa a yashi, macen ta saka ƙwai biyu ko uku, su rufe da rairayi siriri. Duk lokacin da mai kwanci zai tashi, sai ya watsa yashi da baki ya shafe wurin, shirwa ta wuce ba ta ga komai ba. Da dare, in yashi ya huce, iyayen kan kwanta a kai su ɗumama shi. Da safe rana ta karɓi aikin. Matsalar tana farawa ne da hantsi, lokacin da zafin yashin ke haura digiri 50, abin da zai dafa ɗan da ke cikin ƙwan.

Wani masanin Amurka, Thomas Howell, ya zauna a Gambela ta Habasha a 1977, a bakin kogin Baro, yana auna abin da suke yi. Uwa ko uba ya ruga cikin ruwa, ya tsoma cikinsa har gashin ya jiƙe sharkaf, ya dawo a guje ya kwanta a kan yashin da ya rufe ƙwan. Danshin na bushewa, yana tafiya da zafin. Bayan 'yan mintoci a sake, miji da mata suna karɓa-karɓa, tun hantsi har rana ta karya, kullum, na kusan kwana 30. Ƙwan yana zaune a zafin da bai yi nisa da digiri 37 ba, alhali taku ɗaya daga nan yashi na ƙuna. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Wannan da gangan yake jansa, a cikinsa yake ɗaukowa.

'Ya'yan ma ba su tsira daga binnewa ba. Suna ƙyanƙyashewa da ƙafarsu, amma da an ji motsin haɗari sai ɗan ya lafe, babban ya tura masa yashi har ya ɓace ɗungum, in zafi ya yi ya jiƙa shi a haka. Sannan ya juyo ya fuskanci baƙon, fukafukai a baje, baƙi da fari na walƙiya. Tsuntsayen da suka ninka shi girma yakan kora.

Duk wannan dabara tana rataye ne da kogin da ke cika yana janyewa: ambaliya ta share ciyawa, rani ya tone yashi. A Masar, ƙasar da sunansa na kimiyya ke ɗauke da ita tun 1758, ya ɓace tun farkon ƙarni na 20. A ƙasa da Madécali, tafkin madatsar Kainji ya haɗiye tsohuwar Bussa da gaɓar da ke kewaye da ita a 1968. A sama kuma Nijar ta fara gina madatsar Kandadji a jihar Tillabéri, cikin manufofinta har da hana kogin ƙafewa da rani. Manoman shinkafa da albasa na Malanville za su yi murna da haka, kuma suna da gaskiya. Amma in ruwan Afrilu ya ƙaru, tsibiran da ladin kogi ke haƙa gurbinsa ne za su fara nutsewa.