Mutum Ɗaya da Ke Canja Ƙungiya: Darasi Daga Filin Ƙwallo da Rayuwar Barnaba

'Yan'uwa cikin Almasihu, duk wanda ya taɓa zama a gidan kallon ƙwallo a Gwiwa, Roni ko Kazaure ya san musun da matasanmu ba sa gajiya da shi: wane ɗan wasa ne ke riƙe da ƙungiya? Haka muke yi a ikilisiya. Mukan ce, da za a turo mana fasto mai zafin wa'azi, da komai ya gyaru. Gaskiya ne mutum ɗaya yana iya canja ƙungiya, amma wane irin mutum?

Mu fara da Kano Pillars. A kakar wasa ta 2009 zuwa 2010, Ahmed Musa ya ci wa Pillars ƙwallaye 18, ya fi kowa ci a gasar ƙasa. Duk da haka Enyimba ta Aba ce ta ɗauki kofi. Bayan ya tafi Turai, Pillars ta ɗauki kofin sau uku a jere, a 2012, 2013 da 2014. Wannan bai rage darajar Musa ba. Ya dai nuna cewa gwanintar mutum ɗaya ba ta isa ta kai ƙungiya gaci.

Sai mu dubi Stephen Keshi. Najeriya ba ta samu zuwa gasar kofin Afirka ta 2012 ba. Keshi ya karɓi horar da Super Eagles a ƙarshen 2011. Da zai tafi gasar 2013 a Afirka ta Kudu, ya bar wasu manyan sunaye a gida, ya ɗauki 'yan wasan da ke bugawa a nan cikin ƙasa, aka yi ta sukarsa. Ɗaya daga cikinsu, Sunday Mba, shi ya ci ƙwallon da ta fitar da Kot Dibuwa, shi ne kuma ya ci Burkina Faso a wasan ƙarshe. Najeriya ta ɗauki kofin da rabonta da shi tun 1994. Keshi bai taɓa ƙwallo ko sau ɗaya a gasar ba. Aikinsa shi ne ya ga abin da ke cikin wani, ya ba shi dama, ya tsaya a bayansa.

Littafin Ayyukan Manzanni ya nuna mana irin wannan mutum, wato Barnaba, Balawi daga Kubrus. Da Shawulu ya tuba ya zo Urushalima, almajirai sun ji tsoronsa, gama shi ne mai tsananta musu a dā. Barnaba ne ya kai shi gaban manzanni, ya shaide shi (9:26-27). Da aka aiki Barnaba Antakiya, ya ga aikin ya bunƙasa, bai riƙe shi shi kaɗai ba. Ya tafi har Tarsus ya nemo Shawulu, suka yi shekara guda suna koyarwa tare, a can ne kuma aka fara kiran almajirai Kirista (11:22-26). Daga baya sunan Bulus ya riƙa zuwa gaban nasa, ba mu kuwa karanta cewa ya yi kishi ba. Ya ma rabu da Bulus saboda Markus, saurayin da ya gudu daga aiki, domin ya ba shi dama ta biyu (15:36-39). A ƙarshe Bulus da kansa ya nemi a kawo masa Markus don yana da amfani a gare shi (2 Timoti 4:11).

Wannan ya shafe mu ƙwarai. Ikilisiyoyinmu na karkara ƙanana ne, matasa kuma suna tafiya ci-rani da an gama girbi. Inda fasto shi ne mai wa'azi, mai ba da waƙa, mai riƙe baiko, mai ziyarar marasa lafiya, to ranar da aka yi masa canjin wurin aiki, komai zai tsaya cik. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Saboda haka, fasto, dattijo, shugabar zumuntar mata, shugaban matasa, ka tambayi kanka: wa nake koya wa aikin nan? Ka ba saurayin nan karatun nassi ranar Lahadi ko da harshensa yana sarƙewa. Ki bar yarinyar nan ta bi da sujada a zumunta. Wanda ya faɗi ya tuba, a jawo shi, kada a bar shi a kujerar baya har abada. In kuma wanda ka raina ya fi ka, ka gode wa Allah, gama aikin nasa ne.

Ubangiji ya tayar mana da masu hali irin na Barnaba. Amin.